Darasi: Gida Mai Bishiya na Birnin Jidda

A cikin wannan aji da wuya a rasa Alhaji ko Hajiya da ta taɓa sauka a Jidda. Wanda bai je ba ma ya ji sunan Balad, tsohon garin Jidda, a bakin masu dawowa, domin can ne kasuwar da ake shiga sayen tsaraba: dadduma, turare, zannuwa, tasbaha, agogo. Mai sayen tsaraba idonsa na kan kaya da lissafin riyal, ba kasafai yake ɗaga kai sama ba. Da zai ɗaga, da ya ga dogayen gidaje farare, hawa huɗu, hawa biyar, gabansu lulluɓe da katako mai sassaƙa, wasu sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa. Ɗaya daga cikinsu za mu shiga yau, wato Gidan Nasif, wanda mutanen garin ke kira Baitu Nasif.

An fara gina shi a 1872, aka gama a 1881. Yana Unguwar Yaman, a bakin Kasuwar Alawi, kan tsohuwar hanyar da ke ɗauko mutum daga gaɓar teku ta kai shi Ƙofar Makka. Yanzu gidan tarihi ne a hannun hukuma, doka ta hana a rushe shi ko a sauya masa kama. Abin da nake so mu lura da shi a wannan darasi shi ne yadda kowane sashe na gidan yake amsa wata matsala da bakin teku ya ɗora wa mutanen garin, da kuma abin da ke faruwa da irin wannan gini idan masu shi suka tashi.

Garin da ya haifi gidan

Jidda tana gaɓar Bahar Maliya, tazararta da Makka kimanin kilomita 70 zuwa 80. A shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 Miladiyya, Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba. Tun daga lokacin abincin garin ya rataya a kan abu biyu, alhazai da fatauci. Jiragen Indiya na kawo shinkafa da yadi da kayan yaji, na Yaman na kawo gahawa, na Masar na kawo alkama.

Gari mai dukiya kuwa ba ya rasa mai haƙonsa. A farkon ƙarni na 16 jiragen yaƙin Turawan Fotugal suka ɓullo a wannan teku, sai Sarkin Masar Ƙansuh al-Guri ya sa kwamandansa Husaini al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa. A 1517 Fotugal suka zo har bakin garin suka koma ba su ci shi ba. Ganuwar ta tsaya fiye da shekara 400, sai a 1947 aka rushe ta.

Ku riƙe wannan ganuwa a zuciya, domin ita ce ta sa gidajen suka yi tsawo. Mutane na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa. A ƙasar Hausa idan ɗa ya yi aure sai a yanka masa gefe a tsakar gida a yi masa ɗaki, ko a tura danga baya kaɗan. Mutumin Jidda ba shi da bayan da zai tura danga, saboda haka sai ya ɗora wani hawa a bisa wanda yake da shi. Da aka buɗe mashigin ruwan Suwes a 1869, jiragen ruwa masu tafiya da tururi suka yawaita, alhazai suka ninka, attajiran garin suka sami kuɗin da ba su taɓa gani ba. Shekara uku bayan buɗe mashigin aka aza harsashin Gidan Nasif.

Kakanninmu ma suna cikin alhazan da suka bi ta wannan gari. Kafin jirgin sama, maniyyaci daga Kano ko Katsina ko Damagaram yakan bi ta Borno, Wadai, Darfur da Kordofan, yana tafe yana tsayawa noma ko ƙwadago, wani sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya ga teku a Sawakin, daga nan ya haye zuwa Jidda. Larabawa na kiransu Takari. Da yawansu a bukkoki suke zama a wajen ganuwa, suna shiga gari dako da ga-ruwa. Ba su suka mallaki dogayen gidajen ba, amma sun san nauyin kayan da ake shiga da su ciki.

Dutse daga ruwa, katako daga ƙetare

Maginin Hausa yakan haƙa ƙasa a kududdufin bayan gari, ya kwaɓa, ya murza tubali. Maginin Jidda shi ma abin da ke kusa da shi ya ɗauka, sai dai nasa daga teku ya fito. Dutsen murjani ne. Kada sunan ya ruɗe ku da jan murjanin da mata ke sawa a wuya, ko da yake danginsu ɗaya. Akwai wasu ƙananan halittu a ruwan teku mai ɗumi da ke gina wa kansu mazauni mai tauri, su mutu, wasu su ɗora a kai, har shekaru aru-aru su mayar da wurin dutse. Ana fasa shi a gaɓar teku da bakin tafkin Manƙaba da ke arewa da tsohon gari, shi ya sa suke ce masa dutsen manƙabi. Daga ƙasan wannan tafki kuma ake ɗebo baƙin yumɓun da ake liƙa duwatsun da shi.

Wannan dutse yana da halaye biyu, ɗaya na alheri, ɗaya na cuta. Ba shi da nauyi, yana sassaƙuwa da sauƙi, kuma cike yake da 'yan ramuka kamar soso, don haka zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. Cutarsa kuwa ita ce waɗannan ramuka ɗin dai. Suna shan ruwa. Iskar bakin teku tana ɗauke da laima da gishiri, idan ta samu dutsen tsirara sai ta riƙa cin sa yana zuba kamar gari. Maganin da magina suka samo shi ne yaɓe. Sukan ƙona dutsen ya zama farar hoda da suke kira nura, a kwaɓa ta a shafe bango ciki da waje. Farin yaɓen nan yana mayar da hasken rana, yana tare gishiri, kuma yana barin laimar da ta shiga bango ta fita. Duk wanda ya taɓa shafa makuba ko laso a katangar gidansu kafin damina ya san wannan aiki, ya kuma san ba a yin sa sau ɗaya a huta.

Akwai wata dabara da ta fi yaɓen burge ni. Dutse mai laushi da yumɓu ba za su ɗauki hawa huɗu su kaɗai ba, ga shi ƙasar bakin teku tana nitsewa, wani gefe ya fi wani. Sai magini ya jera duwatsu sahu biyar ko shida, kimanin tsawon mita ɗaya, ya shimfiɗa katako a kwance cikin bangon ya zagaye ginin da shi, sannan ya ci gaba da jera dutse, ya sake sa katako. Sunan waɗannan katakai takalil. Idan kun dubi hoton tsohon gidan Jidda za ku ga layuka masu duhu sun ratsa farin bango, to su ne. Suna raba nauyi daidai, suna ɗaure bangon kamar yadda ake ɗaure dami, kuma idan ƙasa ta motsa sai ginin ya ɗan lanƙwasa maimakon ya tsage. Amfaninsu na uku shi ne wajen gyara. Idan duwatsun wani sahu suka ruɓe, sai a tokare katakon da ke samansu, a zare ruɓaɓɓun, a sa sababbi, alhali mutane na zaune a hawa na uku suna shan shayi. Ashe tun ranar gini an yi tanadin ranar gyara.

Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa yayin da ake hawa, don sauƙaƙa wa harsashi.

Katakon fa daga ina? Jidda ba ta da daji. Duk wani itace da ke jikin gidan jirgin ruwa ne ya kawo shi. Sandunan rufi, waɗanda ke zaman azara a wurinmu, na wani itace ne da ke tsiro cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, suna ce masa ƙandal. Tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, kamar dai yadda tsawon azara ke yanke wa maginin Hausa hukunci har sai ya koma ga bakan gizo. Katakon ƙofofi da tagogi na manyan gidaje kuma daga Indiya da tsibirin Jawa yake zuwa, mai ƙarfi ne, yana da maiƙo a jikinsa, gara da laima ba sa cin sa da wuri. Mai kallon gaban gida a wancan zamani yana iya ƙiyasta arzikin mai gidan daga yawan katakon da ke jiki.

Mu shiga ciki

Babbar ƙofa tana duban arewa. Wannan da gangan ne, domin iskar da ta fi kaɗawa a Jidda daga arewa da arewa maso yamma take tasowa, ita ce mai ɗan sanyi. Za a hau 'yan matakala zuwa wani dandamali, sannan a shiga babban ɗakin da suke kira dihlizi. Zaure ke nan. Nan baƙo ke tsayawa, nan ake sallama, kuma akan yayyafa wa zauren ruwa don ya yi sanyi. Dama da hagunsa akwai ɗakunan karɓar baƙi da gudanar da harkar kasuwanci. Ta yamma akwai ƙofa ta biyu wadda mata ke shiga da fita ba tare da sun ratsa ta cikin maza ba.

Abin da Bahaushe zai fara nema bayan zaure shi ne tsakar gida, kuma ba zai same ta ba. Gidajen Jidda ba su da fili a tsakiya, ganuwa ta hana. Aikin da tsakar gida ke yi mana, wato shan iska, shanya, hira da kwanan waje lokacin bazara, can sama aka kai shi. A hawa na sama akan bar wasu sassa ba rufi, a kewaye su da katanga mai huda-huda wadda iska ke ratsawa amma ido ba ya ratsawa. Sunan irin wannan fili harja. A ƙololuwar Gidan Nasif kuma akwai wani ɗaki na katako mai tagogi ta kowane gefe, wurin zaman maraice, daga cikinsa ana hango rufin gidajen gari. Kicin ma a sama yake, don hayaƙi da zafin murhu su tashi su bar mutane.

Kicin a sama yana nufin buhun shinkafa da itacen girki da ruwa duk sai sun hau. A nan ne matakalar gidan ta yi suna. Faɗi gare ta, kowane taki gajere ne ƙwarai, har ta fi kama da gangare. Mutanen garin suna cewa an yi ta haka ne don dabba, har raƙumi, ta hau da kaya zuwa sama. Ko ba raƙumi, dattijo mai ciwon gwiwa zai gode wa wanda ya tsara ta. Ramin matakalar yana da wani aikin na ɓoye: iska mai zafi tana bin sa ta tashi ta fice ta sama, sai mai sanyi ta shigo ta tagogin ƙasa ta maye gurbinta.

Ruwa shi ne babbar wahalar Jidda. Babu kogi, rijiyoyin gari gishiri ne, ruwan sama kuma ɗan kaɗan ne a lokacin sanyi, wata shekarar ma ba a samu. Don haka a ƙarƙashin gidan akwai matattarar ruwa guda biyu, ginannu kuma shafaffu, inda ruwan da ya sauka a rufi ke gangarowa ya taru. Mai irin wannan matattara mai arziki ne, talaka sai ya saya a wurin 'yan ga-ruwa. A 1907 Turkawa suka kafa injin da ke dafa ruwan teku ya fitar da gishirin, mutane suka sa masa suna Kindasa. Ruwan daɗi na famfo bai iso garin ba sai 1947, daga Wadi Fatima. Kafin nan kowane tulu da aka sha a hawa na huɗu a wuyan wani ya hau, kuma a manyan gidajen garin masu wannan ɗauka barori ne da bayi, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Idan muna yaba kyan gini ya kamata mu tuna da su.

Roshan

A gaban gidan, bisa babbar ƙofa, akwai manyan akwatunan katako biyu, ɗaya a kan ɗaya, sun turo waje daga jikin bango. Wannan shi ne roshan, jam'insa rawashin, kalmar daga Farisanci ta shigo. Shi ne alamar Jidda, har wanda bai san komai game da garin ba yana gane hotonsa da shi.

Daga waje ado ne. Daga ciki kuwa ɗan ƙaramin ɗaki ne, an ɗaga daɓensa, an shimfiɗa katifa da matasai, mutum biyu za su iya kwanciya a cikin babba. Jikinsa duk 'yan siraran katakai ne da aka saƙa ko aka jera da tazara, da marufai da ake ɗagawa a sauke. Tunda ya turo waje, iska na samunsa ta gaba da gefe biyu. Hasken rana yana shigowa a tace, ba ya dukan ido. Uwargida tana zaune a ciki tana ganin duk mai wucewa a titi, tana iya kiran mai talla, amma na titi ba ya ganinta, saboda shi yana cikin haske ita tana cikin inuwa. Akan kuma jera tulunan ƙasa a bakinsa. Tulu yana tsatsafo da ruwa ta jikinsa, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi, iskar da ta wuce ta kansa ita ma ta ɗan huce. Duk wadda ta ajiye randa a inuwa ta san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi a littafi.

Rawashin suna yi wa titi ma aiki. Lungunan tsohon gari matsattsu ne, idan na wannan gida ya turo, na wancan ya turo, sai mai tafiya ya samu inuwa, farin bangon ma ya samu kariya daga rana.

Sai bishiyar. A ɗan filin da ke gaban ƙofar arewa akwai wata tsohuwar darbejiya, wadda wasunmu ke kira dogon yaro ko maina. A wurinmu ita ce bishiyar da ba a ko kallo, kowace makarantar firamare da bakin kowace hanya akwai ta. A Jidda ta da, inda ruwan sha ma sai an saya, ana cewa ita kaɗai ce bishiya a cikin ganuwa. Shi ya sa ake kiran gidan Gida Mai Bishiya, kuma wannan suna ya ishi baƙo kwatance. Har yanzu tana nan tsaye.

Mutanen gidan

Wanda aka gina wa gidan shi ne Umar Nasif Afandi, babban attajiri kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, a zamanin da Hijaz ke ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa. Muƙaminsa ya sa manyan baƙin da suka sauka daga jirgi sukan biya ta wurinsa kafin su wuce Makka. Girman zaure da ɗakunan baƙi daga nan ya samo asali.

Jikansa Muhammad Nasif ne ya ƙara wa gidan daraja ta wata fuska. Malami ne mai son littattafai, ya tara dubbai, bugaggu da rubutun hannu, yana kuma kashe kuɗinsa wajen buga littattafan magabata ya raba kyauta. Malaman ƙasashe da suka zo aikin Hajji sukan sauka a wurinsa, a ci abinci, a yi muhawara, a yi musayar littafi. Ya rasu a 1971, littattafansa kuma suna Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Dokta Abdullahi Umar Nasif, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, daga 1983 zuwa 1993, ɗan wannan zuri'a ne.

A zamanin Muhammad Nasif ne gidan ya shiga tarihin siyasa. A watan Disamba na 1925, bayan an daɗe ana tsare da garin, Jidda ta miƙa wuya ga Abdul'aziz Al Sa'ud, wanda a lokacin Sarkin Najadu ne. Sarkin Hijaz Ali ɗan Sharif Husaini ya fita ta teku. Da Abdul'aziz ya shiga gari, a Gidan Nasif ya sauka, nan ya karɓi manyan gari da wakilan ƙasashen waje, kuma ya ci gaba da sauka a nan a farkon zuwansa Jidda, kafin a gina masa fadar Huzam a wajen ganuwa. Ƙasar ba ta ɗauki sunan Saudiyya ba sai 1932.

Yadda tsohon gida ke mutuwa

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa. Ga gidan murjani maganar a zahirinta take.

Da kuɗin man fetur suka shigo, aka rushe ganuwa a 1947, gari ya bazu zuwa arewa. Iyalan attajirai suka koma sababbin gidajen siminti masu na'urar sanyaya ɗaki da wurin ajiye mota, abin da lungun Balad ba zai bayar ba. Ba na ganin laifinsu. Tsofaffin gidajen aka bar su a hannun 'yan haya, galibi baƙi masu ƙaramin ƙarfi, ko aka mayar da su rumbun ajiyar kayan 'yan kasuwa. Ɗan haya ba zai yaɓe bangon da ba nasa ba. Mai gida kuma ya rasu, magada sun kai ashirin ko talatin, kowa na jiran wani ya fitar da kuɗin gyara.

Ruwan da garin ya yi ƙarnuka yana nema shi ne ya zama babban abokin gaba. An tsara gidajen ne a kan ruwan tulu, sai ga famfo a kowane hawa. Bututu na yoyo cikin bango, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga dare da rana, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya taso saboda ƙarancin magudana. Dutse ya sha, yumɓu ya jiƙe, takalil suka ruɓe. Wasu da niyyar alheri suka yaɓe bango da siminti. Siminti kuwa ba ya barin laima ta fita, sai ta taru a bayansa, dutsen ya narke a ɓoye, waje na sheƙi ciki ya zama gari, har ranar da bangon zai zube gaba ɗaya. Masu gidajen ƙasa a garuruwanmu da suka yi wa katanga rigar siminti sun ga irin wannan. Ga kuma gobara: tsohon katako busasshe, wayoyin lantarki barkatai, lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Gidaje da dama sun tafi ta wannan hanya.

Wanda yake son ganin ƙarshen labarin idan ba a tashi tsaye ba, ya dubi Sawakin a ɗaya gaɓar. Gidajenta irin na Jidda ne, dutse ɗaya, rawashin iri ɗaya. Da Turawan Ingila suka gina sabuwar tasha a Port Sudan a farkon ƙarni na 20, fatauci ya koma can, mutane suka bi shi. Ba yaƙi ne ya ci Sawakin ba. Yaɓe ne aka daina, cikin 'yan shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba akasarin garin ya zama tsibin duwatsu.

Me ake nufi da gida mai kariya

Gidan Nasif ya tsira da wuri saboda sunansa. A shekarun 1970 gwamnati ta saye shi daga iyalin, daga baya aka gyara shi aka buɗe wa masu ziyara, ana yin lacca da nune-nune a ciki. A waɗannan shekaru ne magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farisi, wanda shi kansa masanin zanen gine-gine ne, ya sa aka bi tsohon gari aka ƙidaya ɗaruruwan tsofaffin gidaje, aka kasa su daraja-daraja, aka hana rushe su. A 2014 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohuwar Jidda cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shekara ɗaya bayan tsohon birnin Agadas ya shiga wannan jeri. A 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa.

Kariya tana ɗaure hannun mai gida. Ba zai rushe ba, ba zai ƙara hawa ba, ba zai cire roshan ya sa tagar ƙarfe ba, idan zai yi gyara kuma sai da izini da irin kayan da aka yi ginin da su tun farko. Wannan nauyi ne, musamman a tsakiyar kasuwa inda filin ya fi ginin tsada. Idan hukuma ta hana mutum rushewa amma ba ta taimaka masa da gyara ba, wani sai ya zuba ido ya bar ruwa da gara su yi masa aikin da doka ta hana shi. Takarda ita kaɗai ba ta riƙe bango. A Legas akwai wani gida mai suna Ilojo Bar, ginin salon Barazil, wanda aka ayyana shi kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an baje shi.

Gyaran na gaskiya yana buƙatar hannun da ya iya. Sai an samu wanda ya san yadda ake kwaɓa nura, wanda ya san tokare takalil, da kafinta mai haƙurin kwance roshan gunduwa-gunduwa ya sauya ruɓaɓɓen ya mayar da sauran. Irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci bayan shekaru na siminti, dole aka koma neman tsofaffin magina da horar da matasa. Akwai kuma tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta: idan an gyara gidajen an mayar da su otal da shagunan shayi na masu yawon buɗe ido, talakawan da suka zauna a ciki shekara hamsin, da 'yan tiredar da alhazanmu ke ciniki da su, ina za su koma? A ganina unguwar da aka gyara aka kwashe mutanenta ta yi asarar rabin abin da aka ce ana karewa, kuma gidan da babu mai kwana a ciki babu mai jin ɗigar ruwa da dare.

Aiki

Shekara nawa aka yi ana ginin Gidan Nasif? Shekararsa nawa da gamawa lokacin da Abdul'aziz ya sauka a ciki? Ku yi lissafin a rubuce.

Ku bayyana da kalmominku ma'anar takalil, roshan, dihlizi da harja, sannan ku faɗi abin da ke yin aikin kowannensu a gidan Hausa, idan akwai.

Ku kasu gida biyu. Kashi ɗaya su zama magadan wani tsohon gida da ke tsakiyar kasuwa, suna son sayar da filin. Ɗaya kashin su zama hukumar da ta hana. Kowane ɓangare ya kawo hujja uku.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya nemi gini mafi tsufa a unguwarsu ko ƙauyensu, soro ne, masallaci ne ko zaure. Ya tambayi dattawa wa ya gina shi, da me aka gina shi, da kuma yaushe rabon da a yaɓe shi. Ya rubuto amsar cikin layi goma.